Barci Ba Ajiya Ba Ne

Zuwa ga Edita,

Ina roƙonka ka ba ni ɗan fili a jaridar nan tamu mai farin jini, in faɗa wa 'yan'uwana malamai da akawuna wata hasara da na yi, don gani ga wane ya isa wane tsoron Allah.

Ina da kwamfuta irin wadda a ke ninkewa kamar littafi. Tsarin da ke tafiyad da ita Linux ne, watau wanda Linus Torvalds, mutumin Finland, ya fara a 1991 yana ɗalibi, aka bar shi a buɗe, kowa ya duba ya gyara. Ran wata Alhamis, dab da hutu, ina shigar da makin jarrabawar yara, sai aka kira la'asar. Na rufe murfin, na sa ta a jaka, ban adana aikin ba, wai ai barci ta yi, in na buɗe na tarar da kome yadda na bar shi. Ran Asabar na buɗe, shiru. Batir ya ƙare ƙaf. Da aka kawo wuta na kunna ta, ashe makin aji guda ya salwanta. Kwana biyu na yi ina bin takardu ɗaya ɗaya, ga hedimasta yana jira, ga iyayen yara suna tambaya. Laifin kuwa ba na kowa ba ne, nawa ne.

Da hankalina ya kwanta na bincika, sai na gane barcin kwamfuta iri uku ne. Na farko gyangyaɗi ne kawai: fuskarta ta yi duhu, amma cikinta bai kwanta sarai ba, tana ta tsotsar batir. Na biyu barci ne sosai: kusan kome ya tsaya sai ƙwaƙwalwar da ke riƙe da aikin da a ke ciki, ita kuwa ba ta riƙe kome sai da wuta, ko da 'yar kaɗan ce. Duka biyun nan, da batir ya mutu, abin da ba a adana ba ya bi shi. Na uku shi na ke kira barcin gaiwa, kifin nan da kan shige laka da rani har ruwa ya dawo. A nan kwamfuta ta kan kwafe duk abin da ke ƙwaƙwalwarta ta zuba a faifan ajiya, sa'an nan ta mutu ɗungum. Ko wata guda ta yi, da an kunna sai ta tashi inda ta tsaya.

Wanda ke son sanin irin barcin da tasa ke yi, ya duba fayil ɗin /sys/power/mem_sleep. Kalmar s2idle ita ce gyangyaɗi, deep kuwa barci sosai, wadda ke cikin baka ita ke aiki. Tawa gyangyaɗi ta ke yi. Sabbin kwamfutoci da yawa ma ba su da na biyun.

Ga abin da na yi. Na ware wa barcin gaiwa wuri a faifai, wanda a ke kira swap, gwargwadon girman ƙwaƙwalwar, gama in wurin ya gaza ba shi yiwuwa. Sa'an nan a fayil ɗin /etc/systemd/logind.conf na gyara layin HandleLidSwitch, na sa suspend-then-hibernate, watau in an rufe murfi ta fara barci, in an daɗe ta zarce na gaiwa da kanta. Masu KDE Plasma a shafin saitin wuta za su zaɓi abin da murfi zai yi. Kwamfutar tebur kuwa, da ya ke ba ta da batir, hybrid-sleep ya dace da ita, don tana kwafe aikin a faifai tukuna ta yi barci. Ko an ɗauke wuta ba a yi hasara ba. Amma kowa ya fara gwadawa da aikin da ba ya jin zafin ɓatansa, don ba kowace na'ura ke karɓar wannan ba.

'Yan'uwa, saitin da kwamfuta ta zo da shi ba a auna shi da halin wutarmu ba, wadda a ke ɗaukewa ba sallama. Tun da ya ke masu Linux sun bar mana ƙofa a buɗe, in ba mu shiga mun daidaita ba, wa za mu zarga? Duk da haka ni yanzu ba na tashi, ko alwala za ni, sai na adana aikina. Rigakafi ya fi magani.

Allah ya ƙara wa jaridarmu ɗaukaka, amin. Wassalam.

Naka,
Wani malamin makaranta.