KAFIN KA TURA ƊANKA KARATUN LAUYA A ƘASAR WAJE

 Kwanan nan tambaya ɗaya ta yawaita a akwatin saƙona daga iyaye da ɗalibai: ina ya fi dacewa a je karatun lauya, Ingila, Malesiya ko Uganda? Bari in amsa a nan gaba ɗaya, mai ƙarin bayani ya ƙara.

Wanda ya karanto injiniya a Indiya, siminti da rodi ba za su sauya masa hali ba in ya dawo Kano. Doka kuwa, kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Yaron da ya yi shekara uku a Ingila zai iya dawowa bai taɓa buɗe kundin tsarin mulkinmu na 1999 ba, bai san dokar mallakar ƙasa ta 1978 ba, balle rabon gado a mazhabar Malikiyya da kotunanmu ke yi kullum. Shi ya sa duk wanda ya yo digirinsa a waje sai ya fara cin kwas ɗin Bar Part I a makarantar horas da lauyoyi, kafin ya haɗu da 'yan gida a Bar Part II. Ƙarin lokaci ne, ƙarin kuɗi ne, kuma ba kowane digiri hukumar ke karɓa ba. Ejan ba zai gaya maka wannan ba, shi kamashonsa yake hange.

In ka ce ai can zai zauna ya yi aiki, to a Ingilar ma digiri kaɗai ba ya mayar da mutum lauya. Tun 2021 akwai jarrabawar SQE, da shekara biyu na sanin makamar aiki. Ga kuma abin da muka gani da idonmu: faɗuwar naira tun Yunin 2023 ta sa iyaye da yawa sun kasa biyan kuɗin makaranta, yaƙin Sudan a Afrilun 2023 ya koro ɗalibanmu ana tsaka da karatu, sannan a Janairun 2024 gwamnati ta dakatar da tantance digirin Benin da Togo.

Akwai hanyoyi biyu da ba mu cika maganarsu ba. Ta farko musayar ɗalibai. Yaro yana Bayero ko Ahmadu Bello, ya je wata jami'a a waje ya yi zango ɗaya ko shekara ɗaya, ya dawo a lissafa masa makinsa, digirinsa ya fito daga gida. Ya ga duniya, ya ga yadda wasu ke koyarwa, kuma ba ruwansa da Bar Part I. Turai ta fara irin wannan tun 1987 da shirin Erasmus. Ta biyu digiri biyu a tafiya ɗaya. Akwai jami'o'in Landan da ke da yarjejeniya da na Faris: shekara biyu nan, biyu can, ɗalibi ya fito ya san dokar Ingila da ta Faransa. A jami'ar McGill ta Kanada ma tare ake koyar da tsarin biyu.

To a nan ne fa abin yake ba ni takaici. Mu ne muka fi kowa buƙatar irin wannan, amma idonmu na kan Landan. Najeriya ta gaji tsarin Ingila, inda hukuncin alƙalan baya yake zama hujja. Nijar da Chadi da Benin sun gaji na Faransa, inda rubutaccen kundi ne kan gaba. Kamaru ta haɗa duka biyun. Kuma duk huɗun suna cikin OHADA, yarjejeniyar 1993 da ta haɗa dokokin kasuwancin ƙasashe 17, mai babbar kotu a Abijan. Najeriya ba ta ciki. Ficewar Nijar daga ECOWAS a Janairun 2025 ma bai shafi wannan ba, don yarjejeniya ce daban.

Yanzu ka ɗauka ɗan kasuwar Kwari ya ba da atamfa bashi a Maraɗi, ko ɗan Dawanau ya biya kuɗin wake a Damagaram kaya ba su zo ba. Shi da abokin cinikinsa Hausa suke yi, amma takardun kotu da Faransanci suke, dokar kuma ta OHADA ce. Lauyansa na Kano bai karanta ta ba, na can bai san tamu ba. Ƙarshenta sai a koma wa dattawan kasuwa, in sulhu ya ƙi a ce a bar wa Allah. Wallahi dukiya ba kaɗan ba take salwanta a haka.

Me zai hana jami'ar Ɗanfodiyo ta Sakkwato ta ƙulla musaya da ta Tawa, ko Bayero da Abdu Mumuni ta Yamai? Tafiyar mota ce, ba fam ba dala. Kuma haɗa tsari biyu ba baƙon abu ba ne a wajenmu, tunda mun daɗe muna karanta dokar Ingila tare da shari'ar Musulunci a aji ɗaya. Faransanci ne kawai zai zama aiki, shi ma ai ba gagara zai yi ba.

Ni dai ban ce kada a fita ba. Mai hali ya tura, ilimi ne. Amma kafin ka saki ko sisi, ka nemi amsar abu uku a rubuce: dokar wace ƙasa za a koya masa, makarantar horas da lauyoyi ta amince da digirin, kuma a wace kotu zai tsaya bayan ya gama? Matambayi ba ya ɓata.

Malamanmu na tsangayar shari'a da lauyoyinmu na Nijar da ke nan, don Allah ku tofa albarkacin bakinku. Allah ya yi wa yaranmu zaɓin alheri.