Allon Bangon Gidan Majo

A unguwar Harobanda ta birnin Yamai, in mutum ya ƙetare kogin Isa ta gadar Kenedi, akwai wani gida da aka shafa wa bangonsa na gabas baƙin fenti. Mai gidan tsohon ma'aikacin asibiti ne, ya yi ritaya tuntuni, amma har yanzu Majo ake ce masa. Shi da kansa ya shafa fentin, domin ya gaji da ganin ƴan hayarsa suna rubutu da gawayi a jikin ƙofa. Daga nan bangon ya zama allo.

A watan Mayu, lokacin da zafi ke hana mutum barci a ɗaki, ɗalibai uku suka yi kwana tara suna zama gaban wannan allo. Dukansu ƴan shekara ta biyu ne a sashen kimiyya na Jami'ar Abdu Mumuni, wadda aka sa wa sunan masanin nan ɗan Tasawa a shekarar 1992, shekara guda bayan rasuwarsa. Biyu samari ne ƴan haya. Ta ukunsu ƴar ƙanwar Majo ce, a gidan take zaune. Jarrabawar da ke gabansu ta darasin da suke kira shimi organik ce, wato ilimin sinadaran da aka gina da karbon, irin su mai, sukari, sabulu da yawancin magunguna. A cikin darasin kuwa akwai wani sashe mai suna sipektiroskopi, shi ne ya hana su sakat.

Babban cikinsu ɗan Madawa ne. Bara ya faɗi wannan darasi. Mahaifinsa manomin albasa ne, kuɗin albasar rani ne ke biyan hayar ɗakin, kuma ya riga ya gaya masa cewa ƙannensa ma suna jiran nasu rabo. Saboda haka saurayin bai zo gaban allo da wasa ba. Ya sayi sabon kaye, ya cika shi da lambobi, yana ta bita yana kaɗa kai kamar mai tilawa.

To, mene ne wannan sipektiroskopi? Duk mai karatu da ya taɓa ganin bakan gizo ya riga ya ga farkonsa. Hasken rana da muke gani fari, launuka ne a haɗe, ɗigon ruwa yakan warware su. A shekarar 1800 wani masani a Ingila mai suna Wiliyam Hashel ya warware haske da gilashi, ya sa ma'aunin zafi a gaba da jan launi, inda ido ba ya ganin kome. Sai ma'aunin ya hau. Ashe akwai haske a wurin, mu ne dai ba mu ganinsa. Wannan haske shi ne infraruj. Daga baya aka gane cewa mahaɗan da ke riƙe da ƙwayoyin sinadari suna rawa kamar tsirkiyar molo, kowace da nata sauti, kuma kowace takan sha hasken da ya yi daidai da rawarta. Na'ura takan haska sinadari, ta zana a takarda inda aka sha hasken. Aikin ɗalibi shi ne ya dubi zanen ya faɗi abin da ke cikin kwalba, alhali bai gani ba, bai ɗanɗana ba.

Lambobin da ɗan Madawa ke haddacewa na wannan zane ne. In an ga rami mai zurfi da kaifi wajen 1700, akwai karbon da ya riƙe oksijen da hannu biyu. In an ga rami mai fāɗi kamar ƙwarya wajen 3300, akwai oksijen tare da idirojen, irin na barasa. Wajen 2250 kuma karbon ne da azot, da mahaɗi uku. Ko cikin barci aka tashe shi zai kawo su ba gargada.

Hadda ba abin rainawa ba ce. Wanda bai san baƙaƙe ba ba zai haɗa kalma ba. Amma bara ma ai ya san lambobin nan duka, ya kuma faɗi.

A dare na huɗu yarinyar ta rubuta C3H6O a allo, ta ce masa, "Yaya, ga zanen infraruj, akwai rami wajen 1700. Mene ne wannan?"

Ya ce, "Aseton." Wato ruwan nan da mata ke goge jan farce da shi.

Ta ce, "Furofanal fa? Shi ma karbon uku, idirojen shida, oksijen ɗaya. Shi ma yana da raminsa a nan kusa."

Ya yi shiru. Na ukunsu, ɗan Damagaram mai yawan barkwanci, ya ce tagwaye ne, a bar uwarsu ta rarrabe su. Aka yi dariya ban da ɗan Madawa.

Abin da ke rarrabe su wata hanya ce dabam, wadda ɗalibai ke kira RMN. Masana biyu a Amurka, Bulok da Fasel, su ne suka gano tushenta, aka buga aikinsu a 1946, aka kuma ba su kyautar Nobel a 1952. Ana sa sinadari cikin maganaɗisu mai ƙarfi ƙwarai, sai kowane idirojen ya zama kamar ƙaramar allurar nuna gabas. A buga masa igiyar rediyo, ya amsa. Inda amsar ta fito a takarda yana nuna irin wurin da yake zaune. Abin da ya fi daɗi kuwa, kowane rukuni na idirojen yakan tona yawan maƙwabtansa: in maƙwabcinsa ɗaya ne, layinsa ya rabu biyu, in biyu ne ya rabu uku, in uku ne ya rabu huɗu. A aseton idirojen shidan nan duk zamansu iri ɗaya ne, ba su da maƙwabci, saboda haka layi ɗaya tak ake gani, wajen lamba 2. A furofanal rukuni uku ne, ɗaya kuma yana can nesa shi kaɗai, kusa da lamba 10. Ɗan Madawa ya san wannan ma. Damuwarsa ita ce, da ya ga lamba ɗaya da ya sani, sai ya yi wuf ya ba da amsa, kamar alƙalin da ya yanke hukunci da shaida guda.

Majo yakan kwanta a kujerarsa ta igiya a gefe, rediyo a ƙirji, ba ya sa baki. A dare na shida kuran ya ɗauke, suka kunna fitilar salula suna haska allo. Sai tsohon ya kashe rediyonsa ya ce, "Yarana, wannan karatu naku, zai iya gane guba a cikin magani?"

Suka juyo. Ya ce yana bakin aiki a 1990 lokacin da labari ya zo daga Najeriya cewa yara fiye da 100 sun mutu bayan an ba su farasitamol na ruwa. Maganin kansa ba shi da laifi. Ruwan da ake narkar da shi a ciki ne aka musanya: maimakon furofilen gilikol, aka zuba diyetilen gilikol. Dukansu ruwa ne mai kauri, ba launi, da ɗan zaƙi-zaƙi. Na farkon ana sa shi a magani da abinci. Na biyun yakan kashe ƙoda, yaro ya daina fitsari, bayan ƴan kwanaki sai gawa. Ya ce irin wannan ta taɓa faruwa a Amurka a 1937, mutum fiye da 100 suka mutu, har ta sa aka yi sabuwar dokar magunguna a can a 1938. Ta sake faruwa a Gambiya a 2022, yara wajen 70. Ya ce shekaru da yawa yana zuba wa ƴaƴan mutane siro a cokali, bai taɓa sanin abin da ke cikin kwalba ba sai abin da takardar jikinta ta faɗa.

Yarinyar ta ce, "Kawu, bari mu gwada." Ta zana su biyu a allo. Furofilen gilikol karbon uku ne a jere, biyu suna ɗauke da OH, na ƙarshe kuwa CH3 ne. Diyetilen gilikol karbon huɗu ne, biyu nan biyu can, oksijen a tsakiya, OH a kowane ƙarshe. Ta miƙa wa ɗan Madawa alli.

Ya fara da abin da ya saba. Ya ce infraruj zai nuna ƙwarya wajen 3300. Sai ya tsaya, ya dubi zanen na biyu, ya ce a hankali, "Wannan ma haka." Babu rami wajen 1700 a ko ɗaya. Lambobin kayensa da ya fi dogara gare su sun ce abu ɗaya ne, alhali ɗaya magani ne, ɗaya ajali.

Ɗan Damagaram ya buɗe baki zai yi magana, Majo ya ɗaga masa hannu.

Saurayin ya daɗe tsaye, gumi na bin wuyansa. Sa'an nan ya sa alli ya kewaye CH3, ya fara ƙidaya da ƙarfi. Idirojen uku ne. Karbon ɗin da ke kusa da su yana da idirojen ɗaya. Maƙwabci ɗaya, layi biyu. Kuma da yake oksijen bai taɓa karbon ɗinsu ba, za su fito can ƙasa, wajen lamba 1. Ya koma kan gubar, ya bi karbon huɗun ɗaya bayan ɗaya, ya ga kowanne yana manne da oksijen. Saboda haka nasu idirojen duk za su taru tsakanin 3 da 4, wajen lamba 1 kuwa fayau, ba kome. Ya ƙara da nauyi ba wanda ya tambaye shi: ɗaya 76, ɗaya 106.

Ya juya ya ce, "Baba, in kwalbar ta ce furofilen gilikol, amma ba a ga layi biyun nan wajen 1 ba, kada a ba yaro."

Yarinyar ba ta bar shi ya huta ba. Ta ce wannan in an musanya ruwan gaba ɗaya ke nan. In kaɗan aka garwaya, layi biyun za su fito daram, gubar ta ɓuya a bayan sauran, kuma kaɗan ɗin ma illa ce ga jariri. Shi ya sa masu binciken magani suke bi ta wata hanya mai suna kromatografi, wadda takan fara rarrabe abubuwan da ke cikin ruwa kafin a auna kowanne. Wannan ba ya cikin jarrabawar bana. Duk da haka ɗan Madawa ya rubuta shi a bayan kayensa.

Kwana ukun da suka rage, ya canza yadda yake aiki. In an ba shi tambaya, sai ya tsaga allo gida uku: abin da lissafin ƙwayoyi ya ce, abin da infraruj ya ce, abin da RMN ya ce. Ba ya faɗin suna sai ukun sun yarda da juna. Ya zama mai nawa, har ɗan Damagaram ya ce da wannan tafiyar hawainiya za a karɓe takarda yana tambaya ta biyu. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, domin awa biyu ba ta jiran kowa. Sau biyu suka gwada da agogo, sau biyu lokaci ya ƙare masa da sauran tambaya guda. Ya yi ta tunanin ko ya koma ga tsohuwar hanyarsa mai sauri, wadda ta kā da shi bara.

Ran jarrabawa da asuba Majo ya fito alwala, ya tarar da shi zaune a gindin bango, kaye a rufe a kan cinya. An goge allon duka, sai zane biyun nan na dare na shida da ba wanda ya taɓa.

Tsohon ya ce, "Ɗana, ka yi barci kuwa?"

Ya ce, "Kaɗan, Baba."

Ya ce, "To, tashi ka sha koko. Ƙanwarka ta riga ta shirya, tana jiranku a zaure."