Bwari: Inda Kwalta Ta Ƙare, Tsohon Babur Ke Da Magana

Matafiyin da ya bar babban titin Kubwa ta Dutsen Alhaji ya nufi arewa, ba zai jima ba zai ga ƙasa ta soma tashi, duwatsu suna leƙowa dama da hagu. Zai wuce mararrabar madatsar ruwa ta Usuma, wadda Abuja ke sha daga gare ta. Zai kuma wuce hanyar Ushafa, ƙauyen maginan tukwane da Shugaba Bill Clinton na Amurka ya ziyarta cikin watan Agusta na 2000. Daga nan sai Bwari, tsohon garin Gbagyi, waɗanda Hausawa suka saba kira Gwari.

Yawancin baƙin garin abu biyu ke kawo su, watau hedkwatar hukumar jarrabawa ta JAMB da Makarantar Horon Lauyoyi, wadda aka dawo da mazauninta nan daga Ikko a 1997. Amma bayan waɗannan gine-gine akwai wata Bwarin, ta gonakin doya da dawa da masara, wadda ta miƙa zuwa gundumomin Igu da Kawu da Shere. Ko da yake an zuba wa waɗansu hanyoyin kwalta, turbar da ke kai mutum bakin gona har yanzu jar ƙasa ce da tsakuwa da kwazazzabo. Da damina ta sauka mota sai ta ja da baya. A nan ne babur ke karɓar aiki, ya fito da doya, ya shiga da taki, ya kuma kai mara lafiya asibiti.

A yau Bajaj da baburan Sin su suka cika hanya. Amma jefi-jefi, mai kasa kunne zai ji wata ƙara siririya mai kaifi tana hawo tudu, shuɗin hayaƙi na biye da ita. Wannan ita ce muryar inji mai bugu biyu, irin na Yamaha da Suzuki na da.

Zuwan waɗannan babura yana da tarihi. Kuɗin Udoji da aka biya ma'aikata a 1975 sun sa malaman makaranta da akawuna sayen babur, kamfanin John Holt yana kawo Yamaha, Boulos kuma Suzuki. Cikin shekarun nan ne aka buɗe manyan ayyukan gona na Funtuwa da Gusau da Gwambe da taimakon Bankin Duniya, malaman gona suka riƙa ratsa ƙauyuka a kan babur. Na daji daban yake da na gari. Yamaha ta fito da samfurin DT tun 1968, da doguwar ƙafa, da taya mai gurzagurza, da salansa a ɗage don kada ya taɓa ruwa. Samfurin AG100 kuwa an ƙera shi ne saboda manoman Ostareliya, da sarƙa a rufe da wurin ɗaura kaya gaba da baya.

To, mene ne sirrin wannan inji? Injin babur na zamani mai bugu huɗu ne, watau sai fistin ya hau ya sauka sau biyu kafin wuta ta tashi sau ɗaya. Mai bugu biyu kuwa duk hawa da sauka ɗaya wuta na tashi. Ba shi da bawul, sai waɗansu kafofi a jikin silinda da fistin ke buɗewa yana rufewa. Saboda haka ba shi da nauyi, yana da zafin tashi a tudu, kuma kayan cikinsa kaɗan ne. In ya kafe a laka, mutum ɗaya ya iya ciccibo shi. In ya mutu a daji, sau da yawa fulogi ne ya yi baƙi, a kwance a goge a mayar, a ci gaba da tafiya.

Sai dai kowane allazi da nasa amanu. Wannan inji tare yake ƙona fetur da man da ke sa masa santsi, wanda ake rubuta wa 2T a jikin gwangwani. Daga nan hayaƙin yake. Yana kuma zubar da wani kashi na fetur ta salansa ba tare da ya ƙone ba, don haka ya fi mai bugu huɗu sha. Tun da aka janye tallafin mai a ranar 29 ga Mayu, 2023, wannan lissafi ya ƙara nauyi a aljihun mai shi. Hayaƙin kuma ba alheri ba ne ga huhu, shi ya sa ƙasashe da dama suka matsa wa irinsa da dokoki.

Mai son tayar da wanda ya daɗe a jingine, haƙuri ne jarinsa. Da farko a wanke tanki da kafireta. Sannan a buɗe kan inji a kankare baƙin da ya daskare, a ƙona salansa don ya saki toka. In silinda ta cinye, sai a kai ta a faɗaɗa, a sa fistin da ringi masu ɗan girma. Robobin da ke toshe gefen ƙaranshaf su ma a sake su, domin in iska ta sami kafa injin zai yi zafi ya kama. Famfon da ke auna mai da kansa, wanda Yamaha ta soma sawa a 1964, in ya gaji makanikai kan cire shi su koma haɗawa da hannu. Nan ne haɗari yake. Awon yakan kama daga kashi 1 na mai cikin 25 na fetur zuwa 1 cikin 50, gwargwadon injin. Wanda ya yi rowa ko ya zuba baƙin man mota, ya sayi wahala da kuɗinsa.

Kayan gyara na asali sun yi wuya. Akan bi su har Panteka ta Kaduna, da Ƙofar Ruwa ta Kano, da kasuwar Nnewi, wani lokaci a yanka babur biyu don a rayar da ɗaya. Abin da ya fi kayan wuya shi ne hannun da ya san su. Tsofaffin makanikan da kan gane ciwon inji daga sautinsa suna ƙarewa, yaran garejinsu kuwa a kan Bajaj suka buɗe ido.

Shi ma hawan ya sake hali. Garkuwa da mutane da ta addabi waɗansu ƙauyukan yankin a farkon 2024 ta koya wa jama'a taka-tsantsan. Mai hankali yakan fita da sassafe, ya sa hular kwano, ya gaishe da masu gari, ya rage gudu kusa da gonaki da mata masu ɗauke da kaya a kafaɗa bisa al'adar Gbagyi, ya kuma dawo kafin almuru.

Babu shakka zamanin mai bugu biyu ya karkata, kuma hayaƙinsa ba abin kewa ba ne. Amma da tsohuwar zuma ake magani. Darasin da ya bari shi ne, abin hawan karkara sai wanda ɗan karkara zai iya kwancewa ya ɗaura a gindin bishiya. Duk mai shirin kawo wa manoman Igu da Kawu sabon babur, na fetur ne ko na lantarki, ya kamata ya fara amsa tambaya guda: in ya tsaya a tsakiyar kwazazzabo cikin watan Agusta, wa zai gyara shi?