Daren Bakwai ga Wata

Jikana ya miƙo mini waya bayan sallar isha'i, ya ce, "Kaka, dubi watan da na ɗauka." Ko minti ɗaya bai yi a tsakar gida ba. Hoton ya fito tas, amma raina bai kwanta ba. A 2023 kamfanin Samsung da kansa ya yi bayanin cewa manhajar wayoyin kamfanin tana gane wata, ta ƙara fito da zanensa daga abin da aka koya mata. To wa ya ga watan, yaron ko na'ura? 'Ya'yan yanzu ba sa jira, kuma sun ɗauka gaggawa gwaninta ce.

Ni fim uku na ɓata, kowane mai hoto 36, ina karɓo farin ɗigo kamar fitila cikin hazo. Tunda dare ne, sai in bar idon kyamara a buɗe ya daɗe. Wani dattijo mai ɗaukar hoto a Sabon Garin Kano ya gyara mini. Ya ce, "Malam, wata dutse ne da rana ke haskawa, ka ɗauke shi kamar da tsakar rana." Na tsuke ƙofar haske zuwa f/11, ƙiftawa 1/125, na kafa kyamarar kan ƙafa uku. Sannan na ga ramukan wata.

Farin wata sha kallo ne, amma in ya cika, a hoto ba shi da inuwa. A jira daren bakwai ko takwas, a duba iyakar haske da duhu, nan duwatsu ke tashi. In ƙurar hunturu ta rufe sama, a haƙura sai wani watan. Jira dai.

Sai dai jiran ya ci mini abin da ba ya dawowa. Daren 27 ga Yulin 2018 wata ya yi zazzaɓi, ya yi jajir na sa'a ɗaya da minti 43. Uwargidana, Allah ya jiƙanta, ta shimfiɗa tabarma, ta kira ni sau uku: "Malam, zo ka zauna mu gani." Ina ta murɗa gilashi, ina cewa saura kaɗan. Hoton yana nan a bango. Tabarmar ban zauna ba.

Na ce wa yaron ya dawo daren bakwai in koya masa. Kyamarar tana cikin akwati, ban ma fito da ita ba tukuna. Tabarmar na sa aka kaɗe.