Tun Wurin Zubi Aka Cinye Ni

Jama'a, ni manomin tattasai ne a bakin Komadugu. A shekarar 2015, da aka kai hari Bosso da Diffa, muka baro ƙauyenmu muka zauna cikin gari. Gona ta yi nisa, hannu ba aiki. Sai dara.

Wata shekara, bayan ƙaramar salla, mutanen unguwa suka shirya gasa. Mutum 16 muka shiga, kowa ya ba da jaka guda. Wanda ya ci, kuɗin duka nasa ne. Ni kuwa lissafina ya tafi kan man injin ban ruwa. Na kayar da mutum 3, na kai wasan ƙarshe da wani tsoho mai sayar da bandar kifi.

Kun san dara. Gurbi 30 ne cikin rairayi, kowa da ƴaƴa 12. Ni tsinke, shi ƙwallon dabino. Da fari ana zubi ɗaya bayan ɗaya, ba a yarda ka jera uku ba. Idan an gama, gurbi 6 kaɗai ke saura a buɗe. To, nan maganar take. Ɗan da ke tsakiya yana da hanya huɗu, na kusurwa biyu tak. Turawa ma, a tasu darar mai gida 64, tsakiya suke fara nema.

Na san wannan sarai. Amma mutane sun kewaye mu, ƴan ƙauyenmu suna kiran sunana, kaina ya kumbura. Na yi ta jera bibbiyu a gefe, ina ɗokin ci da wuri. Tsoho bai ce uffan ba. Duk inda na jera biyu, sai ya toshe bakin. Sauran nasa ya zuba tsakiya, guraben banza duka suna jikinsa.

Da aka fara tafiya, tsinkena biyu kaɗai ke iya motsi. Bai daɗe ba ya kafa doki: ƙwallo ɗaya ya je ya cika uku, ya komo ya cika wasu uku. Kowane taku sai ya ɗauke mini tsinke.

Na ce, "Baba, a ina na ɓata?"

Ya nuna gurbin gefe da na sa tsinke na huɗu. Ya ce, "Nan, ɗana." Ya share rairayi da tafin hannu, ya ce in sake zubawa, wannan karo ba kuɗi.