Mota Ta Ƙi Yin Kik? Dakata Kafin Ka Sayi Batir

Yau ina so mu ɗan tattauna ne a kan wani abu da ke cin kuɗin mutanenmu a nan Kudu ba tare da sun ankara ba, wato motar da za a murɗa wa makulli amma inji ya ƙi juyawa sam.

Ni dai ba bakanike ba ne, ba kuma mai wayarin ba. A Sabon Ibadan aka haife ni, mahaifina goro yake saya yana turawa Arewa, karatuna kuwa a sakandare ya tsaya. Abin da ya haɗa ni da wannan harka shi ne Yarabanci. Duk direban da ya zo daga gida motarsa ta ba shi matsala, ni Baba ke turawa in yi masa tafinta wurin mai wayarin, wanda a nan ake ce wa riwaya. To ka san mai juya magana sai ya fahimce ta kafin ya juya ta, da haka na tsinci ɗan abin da na sani.

Abu na farko, mai karatu, "mota ta ƙi tashi" magana biyu ce. Akwai wadda inji ke juyawa amma ya ƙi kamawa, wannan ana iya zargin mai ko fulogi ko famfon mai. Akwai kuma wadda injin ma ba ya motsi. Ita wannan ta biyun babu ruwanta da mai, ko tankinka cike yake ko ƙaf. Na sha ganin direba yana sauri da galan zuwa gidan mai alhali motarsa ko juyawa ba ta yi. Idan ka isa wurin riwaya ka ce masa kawai mota ta ƙi, ka ba shi damar ya fara daga inda ya fi tsada.

Sitata ƙaramin inji ne na lantarki mai tsananin haɗamar wuta. A ƙaramar mota mai fetur yakan ja amfiya 100 zuwa 200 a cikin 'yan daƙiƙun nan, mai dizal kuwa ta fi haka. Shi ya sa wayarsa ke da kauri kamar yatsa. Kafin 1912, lokacin da kamfanin Cadillac na Amurka ya fara sa wa motocinsa irin wanda Charles Kettering ya ƙera, da hannu ake murɗa inji, kuma tsofaffin direbobinmu har gobe suna ba da labarin manyan motoci masu handil. Abin lura shi ne, wutar da za ta ishi hon da rediyo ba za ta ishi sitata ba. Saboda haka hujjar nan ta "ai hon yana yi, batir lafiya lau" ba hujja ba ce.

Kafin ka buɗe bonet, kashe rediyo ka sa kowa ya yi shiru, ka murɗa makulli ka kasa kunne. Idan ka ji kat-kat-kat da sauri kamar keken ɗinki, wuta ce ba ta isa: ko batir ya yi sanyi, ko akwai inda take tsayawa a hanya. Idan ka ji kat sau ɗaya mai ƙarfi sai shiru, solonoyid ya buga amma sitatan bai juya ba. Idan inji na juyawa da kyar kamar mai jin barci, nan ma ƙarancin wuta ne ko sitata ya gaji. Idan kuma ka ji wuuu, sitata na gudu shi kaɗai, to haƙoransa ba su kama filawil ba ne, wannan sai an kwance shi. Sannan akwai shiru tsit, ko kat babu.

Bayan kunne sai ido. Kunna fitilar cikin mota ka sake murɗawa. In ta dushe ko ta mutu gaba ɗaya, ka nufi batir da manyan wayoyinsa. In kuwa tana nan da haskenta ko gezau, to sitatan ma bai ja wuta ba, ka nemi matsalar a hanyar da saƙo ke bi daga makulli.

Wanda ke da mita ya huta da zato. Batir cikakke da ya huta yakan nuna volt 12.6. In ka ga 12.2, kusan rabi ya rage, in ya yi ƙasa da 12 ya sauka sosai. Amma ainihin gwajin shi ne lokacin da wani ke murɗa makulli: bai kamata ya faɗi ƙasa da 9.6 ba. Akwai batirin da zai nuna maka 12.6 yana zaune, da an ɗora masa nauyi sai ya zube, irin ƙaton da ba ya iya ɗaukar buhu. Idan mota ta tashi, ka duba kuma, ya kamata ka ga kamar 13.8 zuwa 14.4. In bai kai ba, altaneta ba ya caji ko fambel ya saki, kuma ko sabon batir ka sa, kwana kaɗan zai bi sahun tsohon. Masu tirela da manyan motoci masu batir biyu, wato volt 24, sai su ninka lissafin.

Yanzu ga inda na fi so 'yan'uwa su tsaya. A nan Kudu damina doguwa ce, iska kullum da danshi, kuma yawancin motocinmu tokumbo ne da suka sha gishirin da ake zubawa a titunan Turai da Amurka saboda ƙanƙara. Tsatsa ta riga ta fara aikinta tun kafin mota ta sauka a Apapa. Farin garin nan ko kore da ke taruwa a kan batir yana hana wuta wucewa. Haka ma kan batir da ya yi sako-sako, wanda wasu ke cusa wa ƙusa ko su buga shi da dutse. Idan ka iya juya shi da hannu, bai ɗauru ba. Maganinsa ba tsada: cire na mainos tukuna, sannan na fulos, ka wanke da ruwan ɗumi da aka jiƙa kanwa a ciki, domin kanwa na kashe kaifin asid, kada dai ruwan ya shiga cikin batirin. Ka goge da samfefa har ƙarfe ya yi haske, ka mayar da na fulos, na mainos ya zama na ƙarshe.

Sai wayar at, wadda ta taso daga mainos zuwa bodi da jikin inji. Ta nan wuta ke komawa gida, amma ba mai tuna ta. Akwai wata asuba da muka gama loda huhunan goro a wata J5, direba na so ya wuce Ogbomosho da Ilorin ya kai Jebba kafin rana ta yi zafi, ya murɗa makulli sai kat-kat-kat. Batirinsa bai fi wata biyu ba. Nan take ya fara rantsuwa an sayar masa da jabu, ya ce da Baba, "Alhaji, a ba ni wani abu daga kuɗin dako in sayo wani, in ba haka ba goron nan a rana zai wuni." Duk mai harkar goro ya san abin da wuni cikin rana a ƙarƙashin tamfol ke nufi. Baba ya ce in je in taso riwaya tukuna.

Dattijon ya zo da mitarsa a aljihu. Ya auna batir, 12.5. Aka murɗa, bai sauka ƙasa da 11 ba. Ya ce in gaya wa direba batirinsa ba shi da laifi. Direba ya ce, "Ɗan Alhaji, ka tabbata abin da ya faɗa ke nan?" Sai dattijon ya sa tsinken mita ɗaya a mainos, ɗaya a jikin inji, aka sake murɗawa, mita ta nuna sama da volt 3, alhali ko rabin volt bai kamata ta kai ba. Wato wutar nan a cikin waya take lalacewa. Ya ɗauki wayar jona batir guda ɗaya ya haɗa mainos kai tsaye da jikin inji, bugu ɗaya mota ta tashi. Da aka yaye robar wayar at, sai ga ta ta zama kore, 'yan silili kaɗan suka rage. Kafin ƙarfe bakwai an sa wata, kuɗinta ko kusa da na batir bai kai ba. Wannan gwaji na waya ɗaya kowa na iya yin sa a bakin hanya.

Shiru tsit kuwa, sau da yawa ƙaramin abu ne. Mota mai otomatik ba ta yin kik sai giya na kan P ko N, idan ta ƙi a P ka taka birki ka gwada a N. Wasu masu giyar hannu sai an taka kuloci har ƙasa. Ka duba fis da rile na sitata, galibi akwai wani rile irinsa a akwatin, sai ka musanya ka gani. Akwai kuma makulli mai sirri a ciki, wanda aka wajabta wa sababbin motoci a Jamus tun 1998. Makullin da aka yanka a kasuwa zai buɗe ƙofa, amma motar ba za ta amsa masa ba, wata ta juya ta ƙi kamawa, wata ta yi shiru. Fiye da duka, na fi zargin sikiyuritin ɓarayi da ake ɗaurawa a gefen titi, a yanke waya a murɗe a naɗe da salatif. Ka tambayi mai motar ko an taɓa sa mata.

Kat guda ɗaya yana nufin bakin solonoyid ya ƙone ko burushin sitata ya cinye. Dabarar nan ta ƙwanƙwasa jikin sitata da sifana ana murɗawa tana yi, amma ta kai ka gareji ce kawai, kuma a hankali, don na zamani akwai maganaɗisu a ciki mai fashewa. Sai dai in motar ta mutu ne a cikin ruwa, irin ambaliyar da muke gani a Legas da nan Ibadan, don Allah ka janye hannunka daga makulli. Wataƙila ruwa ya shiga inji, shi kuwa ruwa ba ya matsuwa, in ka tilasta ko ka sa a tura, ƙarfen fistin ne zai lanƙwashe. A sa sifana a gwada juya injin da hannu tukuna.

Akwai al'adu biyu da nake roƙon direbobinmu su bari. Ɗaya ita ce cire kan batir inji na aiki wai don a gwada altaneta, ko a tayar da mota da batirin aro a zare shi tana kunne. Motocin yanzu masu kwamfuta ne, wutar da za ta yi tsalle tana iya ƙone ta. Ɗayar kuma ita ce haɗa bakin sitata da sukundireba ba a duba giya ba. Mota na iya zabura ta bi ta kan mai haɗawar. Idan za a jona batir, fulos da fulos, mainos kuma a kama shi a jikin injin motar da ta mutu nesa da batir, domin batir na fitar da iska mai kamawa da wuta. Kada kuma a danne makulli fiye da daƙiƙa 10 zuwa 15 a jere, a bari sitata ya huce.

Ni abin da nake ce wa direbobin Baba su ajiye a ƙarƙashin kujera bai da yawa: sifana mai lamba 10 da 13, guntun samfefa, wayar jona batir mai kauri, 'yan fis, da ƙaramar mita irin wadda ake samu a kasuwar kayan mota ta Agodi Gate. Wanda bai iya karanta mitar ba, in ya sauka Sabo ya tambayi yaran rumfar goro, za su nuna masa inda nake.