Wa Zai Ɗauki Nauyin Maganar?

Wanda Allah ya ja kwanansa a ƙasar nan ya ga zamani iri-iri na magana. Ya ga lokacin da mutum bai isa ya tara jama'a ya yi lacca ba sai da iznin En'e, ya ga lokacin da soja ke rubuta doka gari ya waye ɗan jarida yana kurkuku, yanzu kuma ga shi yana ganin yaro ɗan shekara goma sha biyar yana zagin gwamna da malami daga kan katifarsa, dubban mutane su gani kafin azahar. Samari da yawa sun ɗauka wannan shi ne 'yancin da aka daɗe ana nema: tunda jaridu da gidajen rediyo kowa da ubangidansa, a bar dandalin intanet a buɗe, kada a tace komai, gaskiya za ta yi halinta. Ina tare da su har rabin hanya. Abin da shekaru suka koya mini shi ne buɗe wa kowa baki kaɗai ba ya gyara muhawara. Tana gyaruwa idan mai magana ya san zai ɗauki nauyin abin da ya faɗa, wanda aka zarga kuma yana da inda zai tsaya ya ba da amsa a gaban waɗanda suka ji zargin.

Ƙorafin samarin a kan son kai na kafafen yaɗa labarai gaskiya ne, kuma ya girme su. Jaridar West African Pilot da Nnamdi Azikiwe ya kafa a 1937 bakin siyasarsa ce. Nigerian Tribune da Obafemi Awolowo ya kafa a 1949 ba ta taɓa ɓoye inda ta karkata ba. New Nigerian da ta fara fitowa a 1966 gwamnatin Jihar Arewa ce ta kafa ta don ta mayar da martani ga jaridun Ikko. Hatta Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda Abubakar Imam ya raya tun daga 1939 a Zariya, hukumar Turawa ce ta haife ta, ko da yake Imam ya san yadda zai saka kukan talaka a cikinta. 'Yan NEPU sun ɗanɗana kuɗarsu a shekarun 1950, lokacin da magana a bainar jama'a ke kai mutum gaban alƙali, Gambo Sawaba ma ta sha ɗauri sau da dama. Har gobe, gidan rediyon jiha na gwamna mai ci ne. Ɗan adawa ya je da kuɗinsa a hannu a ce masa babu fili.

Don haka ba zan raina abin da wayar hannu ta yi mana ba. A daren 20 ga Oktoba 2020, lokacin da aka buɗe wuta a kan masu zanga-zanga a Lekki, ta Instagram mutane suka kalli abin kai tsaye, yayin da hukumomi suka fara da musu. Bayan kwanaki kaɗan hukumar NBC ta ci tarar Channels da AIT da Arise naira miliyan uku kowanne saboda yadda suka ɗauko labarin zanga-zangar. A 2022 ta ci tarar Trust TV miliyan biyar saboda shirin da ta yi a kan 'yan bindiga. Ƙauyukan Zamfara da Katsina da gabashin Sakkwato da yawa ba a san an tashe su ba sai da wani ɗan garin ya ɗauki hoton gawawwaki a jere ana shirin yi musu salla ya ɗora a Facebook. Duk wanda ke son a rufe wannan ƙofa, ya fara gaya mana ta ina kukan waɗannan mutane zai fito.

Kuma mun ga abin da ke faruwa idan aka danƙa wa mai mulki makullin bakin jama'a. Doka ta 4 ta 1984 ta ɗaure Tunde Thompson da Nduka Irabor na jaridar Guardian shekara guda-guda a kan labarin naɗin jakadu, dokar da a lokacin ke iya hukunta mutum ko da abin da ya rubuta gaskiya ne, muddin ya kunyata gwamnati. A watan Yunin 2021 aka dakatar da Twitter a Najeriya, kwana biyu kacal bayan kamfanin ya goge wani saƙo na Shugaba Buhari, aka kuma shafe kwana 222 kafin a buɗe shi a Janairun 2022. Kotun ECOWAS ta yanke hukunci daga baya cewa matakin ya saɓa doka. A lura da abin da ya jawo rufewar. Shekaru ana yaɗa ƙarairayin da ke sa a zubar da jinin talakawa ba a rufe komai ba, sai ranar da aka taɓa babba. Wannan kaɗai ya isa ya sa in ƙi duk wani ƙudiri irin wanda aka kawo Majalisar Dattawa a 2019, wanda zai bai wa hukuma ikon yanke hukuncin abin da ke ƙarya. Mai mulki, ko da mutumin kirki ne, da kansa zai fara karewa.

Inda na rabu da samarin shi ne inda suka ɗauka dandalin da ba a tacewa ba shi da edita. Yana da shi. Na'ura ce ke zaɓar abin da zai fara bayyana idan ka buɗe wayarka, kuma an gina ta ne don ta riƙe idonka, domin da idonka ake sayar da talla. Takardun cikin gida na Facebook da Frances Haugen ta fitar a 2021 sun nuna cewa akwai lokacin da kamfanin ke ba alamar fushi da sauran alamomin motsin rai nauyi ninki biyar a kan alamar so wajen tura rubutu gaba. Wani bincike na masanan jami'ar MIT da aka wallafa a 2018, bayan sun bi diddigin labarai kimanin 126,000 a Twitter, ya gano cewa labarin gaskiya na ɗaukar kusan ninki shida na lokacin da ƙarya ke ɗauka kafin ya kai ga mutum 1,500. Editan jarida mai son kai aƙalla yana da suna da ofis, kana iya kai shi ƙara, kana iya daina sayen jaridarsa. Wannan sabon editan ba ruwansa da APC ko PDP, fushinka yake so, kowane ɓangare kake.

Mun riga mun biya kuɗin wannan da jini. A watan Yunin 2018, ana tsakiyar kashe-kashe a yankin Barikin Ladi na jihar Filato, hotuna masu tayar da hankali suka bazu a Facebook ana cewa ga abin da aka yi wa 'yan'uwanku. Binciken BBC ya nuna daga baya cewa wasu hotunan ba su da alaƙa da rikicin, ɗaya ma daga Kongo aka ɗauko shi, tun na 2012. Kafin a gane haka, matasa sun tare hanya sun fito da matafiya daga motoci sun kashe su. A lokacin binciken, mutum huɗu ne kawai ke aikin tantance labarai na cikakken lokaci wa dandalin da 'yan Najeriya miliyan 24 ke amfani da shi. A dubi kuma saƙon murya na WhatsApp, wanda ya fi rubutu haɗari a cikin al'ummar da ta fi saurare a kan karatu. Murya ce ta dattijo, a natse, ta fara da sallama da salati, ta ce wani amintacce ne ya shaida mata, ba ta faɗi gari ba, ba ta faɗi rana ba, ta rufe da roƙon don Allah a tura wa 'yan'uwa Musulmi, ko Kirista idan daga can ɓangaren ta fito. Mai turawa yana ganin lada yake nema. Babu wanda ya san mai muryar, saboda haka babu wanda zai iya tsayar da shi ya ce: a ina, yaushe, wa ya gani?

Za a ce maganin mummunar magana shi ne kyakkyawar magana, a bar kowa ya ji kowa, tsattsauran ra'ayi zai narke. Da ma haka ne. A 2018 wasu masana a Amurka, ƙarƙashin Christopher Bail, sun biya magoya bayan manyan jam'iyyun ƙasar biyu su riƙa bin saƙonnin ɓangaren da suke adawa da shi a Twitter na tsawon wata guda. 'Yan Republican da suka yi hakan sai suka ƙara ƙanƙame ra'ayinsu na farko. Sannan bayan an kori Donald Trump daga Twitter a Janairun 2021, shafukan da suka yi tashe da sunan ba sa toshe bakin kowa, irin su Parler da Gab, da Truth Social da shi kansa ya buɗe a 2022, ba su zama zauren muhawara ba. Kusan duk 'yan ra'ayi ɗaya ne suka cika su. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Inda aka bar zagi ba iyaka, mai kunya shi ke fara tashi, sai mace, sai malami mai gudun zubar da mutunci, a bar fili ga masu ƙarfin baki. An toshe bakin waɗancan ke nan, ba tare da wata hukuma ta sa hannu ba. A majalisar ƙofar gida ɗan Kwankwasiyya da ɗan Gandujiyya na iya yin musu har jijiyoyin wuya su tashi, amma gobe za su haɗu a jana'iza, kuma kowa ya san uban kowa. Wayar kuwa ba ta nuna maka maƙwabcinka mai ra'ayi daban. Mafi munin mutum a cikin abokan hamayyarka take ɗauko maka, ta ce ga su nan.

Za a kuma ce ai tsofaffin kafafen ma sun jawo kisa. Haka ne. Wani rubutu a jaridar ThisDay a Nuwamban 2002, lokacin gasar sarauniyar kyau ta duniya, shi ya zama sanadin rikicin Kaduna da ya ci rayuka fiye da 200. Rediyon RTLM a Ruwanda ya zuga kisan ƙare-dangi na 1994. Amma a duba abin da ya biyo baya. ThisDay ta buga neman gafara a shafinta na farko, domin an san ta, an san mai ita. Kotun duniya da ta zauna a Arusha ta samu Ferdinand Nahimana, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa RTLM, da laifi a 2003. Suna bai hana ɓarnar ba, amma ya sa an sami wanda za a tambaya. Wanda ya fara ɗora hoton Kongo ya ce Filato ne, wa ya ji an tsayar da shi gaban alƙali?

Hujja mafi ƙarfi a kaina ita ce ta masu ɓoye suna, kuma ba na ɗaukarta da wasa. Ma'aikacin da ya ga ana satar kuɗin asibiti, yarinyar da malaminta ya ci zarafinta, mutumin ƙauyen da ya san mai kai wa 'yan bindiga rahoto, duk waɗannan idan aka tilasta musu bayyana suna an kashe su ko an kashe maganarsu. An kuma sha amfani da sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015 wajen kama 'yan jarida da masu suka, har sai da aka yi masa gyara a 2024. Saboda haka ba na goyon bayan a ce kowa sai ya nuna katin shaida kafin ya yi rubutu. Sai dai akwai bambanci tsakanin mai rauni da ya ɓuya don tsoron mai ƙarfi, da mai ƙarfi da ya ɓuya a bayan ɗaruruwan sunayen bogi don ya yi kama da jama'a. A Janairun 2023, gab da zaɓe, BBC ta fallasa yadda jam'iyyu ke biyan masu tasiri a intanet a asirce don su yaɗa ƙarya a kan abokan takara, wasu har naira miliyan 20, wasu da alkawarin kwangila ko muƙami. Da yawa daga abin da muke ɗauka ra'ayin talakawa ne, aikin albashi ne. Sojojin baka na gidajen rediyon Kano, duk da abin da ake zarginsu da shi na cin mutunci, sun fi waɗannan gaskiya: mutum zai faɗi sunansa da unguwarsa, ya ambaci ubangidansa, kowa ya san wa ya sayi filin, gobe kuma ɗan ɗaya gidan ya zo ya rama a tasha ɗaya, masu sauraro ɗaya su ji.

Nauyin da nake magana a kai, a kan mai ƙarfi ya kamata a fara ɗora shi. Wanda aka ɓata wa suna ya tafi kotu bayan an yi maganar, alƙali ya saurari ɓangare biyu, maimakon minista ya hana maganar tun ba a yi ba, ko ɗan sanda ya ɗauke mutum da dare. Kamfanonin da ke cin riba da idanun Hausawa su ɗauki isassun ma'aikata masu jin Hausa, waɗanda za su gane habaici da zambo, su kuma bambance wa'azi da zuga. Ana kuma iya rage gudun ƙarya ba tare da an karanta saƙon kowa ba. A 2019 WhatsApp ya taƙaita tura saƙo zuwa wurare biyar a lokaci guda, a 2020 ya mayar da saƙon da aka riga aka tura da yawa zuwa wuri ɗaya, kamfanin ya ce yaɗuwar irin waɗannan saƙonni ta ragu da kashi 70 cikin ɗari. Ba a hana kowa faɗar komai ba, an dai sa mai turawa ya ɗan dakata. Saura kuɗin siyasa. Dokar zaɓe ta ƙayyade abin da ɗan takara zai kashe, to abin da ake biyan masu rubutu a intanet ya shiga cikin lissafin, kuma duk rubutun da aka biya a rubuta a jikinsa wa ya biya. Jam'iyyar da ta ƙi bayyanawa, ita za a ci tara, ba yaron da aka ba kuɗin data ba.